Amshin da Barira Ta Yi

Ku matso kusa. Ke Ladidi, ajiye gyaɗar nan, wannan ba na dariya ba ne.

Barira ƙawata ce a jami'a, ɗakinmu ɗaya. Sashen Hausa take, shekarar ƙarshe. Allah Ya ba ta murya, ga rawar kai. Ko wanki take sai an jiyo ta daga bene. Abu ɗaya ya rage mata: ta naɗo waƙoƙin niƙa na mutanen da, ta kare aikin da bakinta a gaban malamai. Malaminta kuma ya ce kada ta kawo masa waƙar da kowa ya sani.

Ta zaga ƙauyuka, duk injin niƙa ya kashe waƙar. Sai wata mai fura ta ambata mata wani kufai a hayin rafi inda ake jiyo waƙar niƙa, ta ce amma ba a zuwa. Na ce ta jira ni mu je tare. Ina! Barira ce fa.

Da la'asar sakaliya ta isa. Bukka ɗaya tak, ba kaza, ba hayaƙi. Wata tsohuwa na durƙushe gaban dutse tana niƙa. Barira ta yi sallama, ta miƙa goro. Tsohuwar ko kallonsa ba ta yi ba.

"Waƙa kika zo ɗauka, 'yar nan?"

"Ita, Iya."

"Ɗauki. Sai dai 'yan amshina sun ƙare."

Barira ta kunna rakoda. Waƙa ta fara, mai sanyi, mai shiga jiki. Sannan ta lura ba ƙwayar hatsi ko ɗaya a kan dutsen. Ta kuma lura tun da aka fara, tsohuwar ba ta ja numfashi ba.

Nan ya kamata ta gudu. Amma duk ƙarshen baiti sai tsohuwar ta dakata, ta bar gurbin amshi. Kun san tarbiyyarmu, da kunya babba na waƙa ka bar shi shi kaɗai. Ga shi kalmomin na kan harshenta, alhali ba ta taɓa jin su ba.

Ta amsa.

Dutse ya tsaya. Tsohuwar ta ja dogon numfashi, ta ce wa Barira ta tafi, ta gode.

Da ta dawo ta ba ni labarin, muryarta a dishe take. Muka ce mura ce. Kullum sai muryar ta ƙara dishewa, tana karkarwa.

Ranar kare aiki ina zaune a baya. Aka kunna abin da ta naɗo. Wallahi muryar Barira ce ke jan waƙar, garau, kamar tana wanki. Da aka zo gurbin amshi ta buɗe baki a gaban malamai, muryar tsohuwar ta fito.

Ta ci jarrabawa. Da yamma ta kira mahaifiyarta a waya ta yi mata albishir. Ina jin uwar ta ce, "Iya, wa kike nema?" Har yau idan na tuna sai na yi kuka.

An ce faifan na nan a ɗakin ajiyar sashen. Idan karatu ya kai ku can, kada wanda ya saurare shi shi kaɗai, kada kuma ya haye rafin nan ba abokin tafiya. Waƙar da ba ku sani ba, ku bar ta ba amshi.

Ladidi, me kike rerawa a hankali? Ni fa ban rera muku ba.