Ɓatan Lalla Zuhur daga Tafkin Amalu

Sufeto Lahsan Bu'azza ya tsoma burodinsa cikin man zaitun ke nan sai ga Alhaji Mbarak ya faɗo ofis yana haki, rigarsa ta karkace.

"Sufeto, an sace Lalla Zuhur!"

Sufeto ya ajiye burodin, ya jawo biro. "Innalillahi. Shekarunta nawa? Matar wane ce?"

Kofur Mimun, da ke tsaye bakin ƙofa, ya toshe baki don kada dariya ta kuɓuce masa. "Yallaɓai, kifi ne."

Sufeto bai daɗe da dawowa aiki a garin ba, shi ya sa bai san ta ba. Lalla Zuhur wata ƙatuwar kifanya ce a Tafkin Amalu, cikin lambun shaƙatawa na lardi. Duk shekara hukuma na zuba ƙananan kifaye a tafkin don masu lasisin fatsa, amma ita ta girme su duka. Wanda ya kamo ta yakan rungume ta a ɗauke su hoto, ya mayar da ita ruwa. Alhaji Mbarak shi ne shugaban ƙungiyar 'yan fatsa, kuma gasarsu ta shekara ranar Lahadi ce.

"Idan ba a gan ta ba, an ce za a kori maigadi," in ji Alhaji. "Dattijo ne, ga iyali."

Sufeto ya dubi burodinsa da takaici, ya ɗauki hularsa.

A bakin tafki suka tarar da Ba Assu maigadi yana zaune a kan gadar katako, ya yi tagumi.

"Baba, ta yaya ka san sace ta aka yi? Ruwa ne fa, ƙila ta yi nisa."

"Ɗana, kullum da safe sai ta zo nan ta karɓi burodi a hannuna. Jiya ba ta zo ba, yau ma shiru. Zo ka gani."

Ya kai su bayan ciyayin bakin ruwa. Ga ɓawon kifi manya-manya a kan laka, ga dafaffiyar masara a warwatse, ga kuma sawun taya guda ɗaya ya nufi ƙaramar ƙofar baya. Sufeto ya durƙusa ya shinshina masarar. Ƙamshin maganin tari ya bugi hancinsa.

"Baro aka shigo da shi," in ji shi. "Jiya da asuba kana ina, Baba?"

"Ina nan. Ko ƙofa ban leƙa ba."

"Ko ƙofa?"

"Ko ƙofa."

Kofur Mimun ya yi gyaran murya. "Ba Assu, to wa na gani jiya a kasuwar tumaki yana taya rago yana rantse-rantse?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Sunan jikana ne ya matso. Amma wallahi na kulle ƙofofin nan kafin in tafi."

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofar baya. Lafiyarsa lau, ba a taɓa shi da ƙarfe ba.

"Wa ke da makulli bayan kai?"

Alhaji Mbarak ya amsa da sauri. "Akwai na ƙungiya, amma a shagon shayin Lalla Itto yake rataye. Kowane ɗan ƙungiya na iya ɗauka."

Shagon na bakin babbar ƙofar lambu. Bangonsa cike yake da hotunan mutane riƙe da kifanyar, kowa ya washe baki. Lalla Itto na juya kifi a kasko.

"Lalla, me ake soyawa?" Sufeto ya tambaya yana leƙe.

"Kifin sardin ne, Sidi Sufeto, daga teku ya zo. Idan Zuhur kake nema a kaskona, sai ka fara kawo min kaskon da zai ɗauke ta."

Ta zuba musu shayin na'ana'a. Ta ce makulli na nan a ƙusarsa, ita kuma ba ta da lokacin gadin ƙusa.

Sufeto ya bi hotunan da kallo. "Duk 'yan ƙungiya suna cikin hotunan nan?"

"Duka, ban da Si Bushta mai kemis," in ji Alhaji yana dariya. "Bawan Allah, ya fi kowa kayan fatsa masu tsada, amma ko takalmi bai taɓa kamowa ba. Muna kiransa Mai-ciyar-da-kifi."

"Ku dai kun cika tsokana," in ji Lalla Itto. "Da ma gidan nasa ba lafiya. Jiya na haɗu da matarsa, Lalla Hadda, a gidan wanka na unguwa, tana ta mita. Matar da aka gina wa bahon wanka na alfarma, wai maigida ya kulle banɗaki ya ce famfo ya lalace."

Sufeto ya shanye shayinsa a tsaye.

Sun sami Si Bushta a kemis ɗinsa, sanye da farar riga, yana tafiya a karkace.

"Sannu, Si Bushta. Me ya sami bayan?"

"Kwalin magani na ɗaga, Sufeto."

"Allah ya sauwaƙe. Yaushe rabonka da tafki?"

"Ai na kwana biyu. Tun makon jiya."

"Da me kake haɗa abincin kifinka?"

"Masara kawai, kamar kowa."

Sufeto ya ɗauki wata kwalbar maganin tari daga kanta, ya buɗe, ya shinshina, ya miƙa wa Kofur. Kofur ya gyaɗa kai.

"Rabin garin nan na shan wannan maganin," in ji Si Bushta. Goshinsa ya fara naso.

"Gaskiya ne. An ce famfonka ya lalace. Kofur ɗina kafin ya shiga aikin ɗan sanda gyaran famfo yake yi. Mu je ya duba maka, kyauta."

"Haba, kada ku wahalar da kanku!"

"Wace wahala tsakanin maƙwabta?"

Lalla Hadda ce ta buɗe musu ƙofa. A tsakar gida ga baro jingine da bango, ga jiƙaƙƙen bargo a kan igiya yana ƙarni. Da ta ji abin da ya kawo su, sai ta ɗaga hannuwa sama.

"Allah ya yi muku albarka! Ku shiga. Famfon nan har tsalle yake yi, ina jin sa daga kicin."

Si Bushta ya tsaya a ƙofar banɗaki kamar zai tare, sannan ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa.

Lalla Zuhur na kwance cikin baho, ta cika shi daga wannan baki zuwa wancan. An saka mata ɗan injin hura iska, ruwan na ta ɓulɓula. Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, ta jiƙa Kofur Mimun tun daga hula har takalmi.

Lalla Hadda ta dafe ƙirji. "Bushta! A bahona?"

Mai kemis ya zauna a bakin bahon, ya cire tabarau.

"Ba cin ta zan yi ba, Sufeto, na rantse. Na saba mata da masarar nan da nake jiƙawa da maganin tari don ƙamshi, har ta yarda da wurin, sai na sa mata raga. Niyyata ranar Lahadi in riga kowa zuwa, in maƙala mata ƙugiyata in sake ta, in jawo ta a gaban jama'a. Sau ɗaya dai in shiga shagon Itto ba a yi min dariya ba."

"Shi kuma Ba Assu a kore shi?" in ji Sufeto.

Si Bushta ya dubi kifanyar. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa. "Ban yi tunanin abin zai kai can ba."

"Sa raga a tafkin hukuma laifi ne, ɗauke kifin ma laifi ne. Za ka yi bayani a ofis. Amma tukuna, tashi ka kama bargo."

Su uku suka naɗe ta, suka sa ta cikin motar 'yan sanda, Kofur na kwara mata ruwa da bokiti. Kafin su isa tafki labari ya riga su. 'Yan ƙungiya sun cika gadar katako. Ba Assu ya shiga ruwa har gwiwa ya karɓe ta, ya riƙe ta a hankali har ta motsa, ta sulale ta nutse. Aka ɗauki tafi, Lalla Itto ta rangaɗa guɗa.

Sufeto ya buɗe ƙofar mota ya yi wa Si Bushta nuni. Ya shiga yana dafe da ƙugu. Lalla Hadda, wadda ta biyo su a tasi, ta leƙo ta taga.

"Sidi Sufeto, yaushe za ku sako shi?"

"Idan Alhaji ya tsaya masa, ƙila da yamma."

"To don Allah kada ku wuce yamma," in ji ta. "Bahon nan shi zai wanke shi da hannunsa."