Makullin Ɗaki Na Huɗu

Ranar wata Talata ce, lokacin da ruwan ambaliya ya fara ja da baya daga gonakin shinkafar Haɗeja, Malam Safiyanu ya dawo daga sallar magariba ya zauna a tsakar gidansa. Matarsa Umma tana gaban murhu tana ɓarar bandar kifi a cikin miya. Autarsu Adila, wadda ke karatun aikin jinya, ta baje littattafanta a kan tabarma tana korar sauro da mafici. Babu abin da ya bambanta wannan yammaci da na jiya, sai dai shirun da ya yi yawa, don ko kwaɗin da suka hana mutane sakat tun farkon damina sun yi tsit.

Cikin wannan shiru suka ji an zura makulli a ƙofar zaure. Aka juya shi a hankali, ya ƙi. Aka zare, aka sake zurawa, ya sake ƙi. A karo na uku aka daɗe ana jijjiga shi, irin jijjigar mutumin da ya tabbata gidansu ne. Malam Safiyanu ya tashi ya buɗe, ƙofar ma ba a kulle take ba. Babu kowa a lungun. A kan dokin ƙofar dai akwai danshi, ga kuma warin laka irin ta bakin kogi. Bai kai ga komawa wurin zamansa ba wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, tim, ya gangaro ya fashe a gaban Umma. Curin laka ne jiƙaƙƙe, da ganyen kacala, ciyawar nan da ta cinye bakin kogi, maƙale a jikinsa.

"Yaran unguwa ne," in ji shi.

To shi Malam Safiyanu sai ka san shi kafin ka gane abin da ya sa ya faɗi haka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa kafin ya ajiye aiki, kuma mutum ne da in ka ce masa aljanu sun taɓa wane, sai ya tambaye ka ko wanen ya sha maganinsa na safe. Ba wai ya ƙaryata akwai su ba, Allah ya kiyaye, amma ya ga mutane da yawa an ɗaure su da mari a kan ciwon da ƙwaya biyu za ta kwantar. Wannan takaicin ne ya sa shi da wasu mutum huɗu suka kafa Gidan Natsuwa, gida mai ɗaki goma inda ake ba wa masu irin wannan lalura da ba su da wurin kwana mafaka. Su biyar ne amintattun gidan, shi ne shugaba. Ba wanda ake biya. Asabar ɗin farko ta kowane wata suke zama a barandar gidan, su duba al'amura, in ra'ayi ya rabu a ɗaga hannu.

Akwai wani ɗaga hannu da Malam Safiyanu ba ya son tunawa. A ɗaki na huɗu akwai wata dattijuwa, 'Yar'azumi, da aka tsinto tana kwana a bayan tasha. Shekara uku ta yi a gidan. Ta sha magani, ta nutsu, ta yi ƙiba, har ita ce ke share baranda ta ajiye musu ruwan sanyi a buta duk ranar zama. Dokar gidan kuwa, wadda shi da kansa ya rubuta, ta ce duk wanda ya shekara ciwonsa bai tashi ba ya warke, a mayar da shi wurin danginsa wani ya samu ɗakin. Da ruwa ya ci garuruwa, sai ga wata mai jego da hankalinta ya gushe, ba ta da inda za ta sa kanta, ga ɗakunan gidan duk a cike. Mutum biyu suka ce a sallami 'Yar'azumi. Hajiya Jannat da wani suka ce a'a.

"Malam, ɗakin nan ne maganinta," in ji Hajiya Jannat a ranar. "Ka raba ta da shi, ka raba ta da lafiyar."

Shi ya ɗaga hannu na uku. Aka kai ta wajen ɗan yayanta a wani ƙauye kusa da Miga. Da aka nemi makullin ɗakin ta ce ya ɓace, sai Malam Safiyanu ya shiga kasuwa a ranar ya sayo sabon kwaɗo ya sa. Dokar ta ce a ziyarce ta bayan wata guda, amma ruwa ya yanke hanya, aiki ya yi musu yawa, aka ɗage ziyarar sau biyu.

Daga wannan Talatar, kullum da an idar da magariba sai makullin ya dawo, lakar ta biyo baya. A rana ta huɗu abin ya bar ƙofa ya koma kan Adila. Tana cikin karatu ta miƙe kamar an kira ta, ta sunkuyar da baya irin na tsofaffi, ta fara bin ƙofofin gidan ɗaya bayan ɗaya tana murɗa hannu a jikin kowace. Da ta gama ta zauna a bakin zaure, ƙafafunta sanyi ƙalau kamar wadda ta fito daga ruwa, tana kallon ƙasa. Sai an kira isha'i take farfaɗowa, ba ta tuna komai. Ta daina cin abinci, cikin kwana goma wuyanta ya fito.

Uban ya kai ta wurin likita, aka yi duk gwajin da za a yi, aka ba ta magani, ya riƙa ba ta da hannunsa a kan lokaci. Abin bai ko girgiza ba. Wata yamma Umma ta tare shi a ƙofar ɗaki, idonta jawur.

"Malam, na yi maka shiru kwana goma don na san girman aikinka. Amma lakar nan ba daga cikin ƙwaƙwalwar yarinyar nan take faɗowa ba. Ni nake share ta kowace safiya."

Washegari Malam Safiyanu ya je garin Malam Madori da kansa ya ɗauko Malam Ja'afar, wani dattijon malami da aka sani da ruƙiya. Sun san juna, don Malam Ja'afar yakan turo masa waɗanda ya ga ciwonsu na asibiti ne. A hanya abu ɗaya kawai malamin ya ce, kada a daina ba ta maganin likita.

Rana ta faɗi, aka yi sallah a gida. Umma ta lulluɓe Adila da babban mayafi ta zauna a bayanta ta riƙe ta. Malam Ja'afar ya tanƙwashe ƙafa a kan buzu ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Makullin ya zo kamar kullum, ya juya sau uku. Malamin bai ko waiwaya ba. Can jikin yarinyar ya fara rawa, kanta ya sunkuya, wata murya ta fito daga ƙarƙashin mayafin, tsohuwa, a dishe, wadda ba ta taɓa zama ta Adila ba.

"Ka bari, Malam. Yana ƙona ni."

"Wane ne kai, me kuma yarinyar nan ta yi maka?"

"Mace ce ni. Yarinyar ba ta yi mini komai ba. Ubanta nake nema, shi kuwa kunnensa a toshe yake, sai ta nan zai ji."

Malam Safiyanu ya zauna a ƙasa.

"Ni ce aljanar da ke tare da 'Yar'azumi," muryar ta ci gaba. "Tun tana budurwa na gan ta a bakin kogi na bi ta. Na wahalar da ita, ban musa ba. Ciwonta daban, ni daban, muka haɗu muka yi mata yawa. Amma da aka ba ta ɗakin nan, ta rufe ƙofa da hannunta ta kwanta, karo na farko a rayuwarta babu mai jifanta, sai na ji kunya na ƙyale ta. Na zauna a bakin ƙofa kawai ina gadi. Shekara uku."

"Ina take yanzu?" Malam Safiyanu ne ya tambaya.

"Yau ka tambaya? A gidan da kuka kai ta, rumfar awaki aka ba ta. Maganin ya ƙare, babu mai karɓo mata. Kwana ashirin ta yi, ta ce za ta koma ɗakinta. Ta biyo jingar da aka yi don tare ruwa, a ƙafa, kwana biyu. Inda jingar ta karye ta ce za ta tsallaka. Na yi mata ihu, ba ta ji ni ba, ta daɗe da daina jin muryata."

Umma ta fashe da kuka. Malam Ja'afar ya ɗaga mata hannu a hankali, sannan ya ce wa muryar, "Irinku kuna ƙarya, za mu bincika. Ko gaskiya ne, kama yarinyar da ba ta san hawa ba zalunci ne. Me kike so ki fita?"

"A fitar da matar da ke ɗakin, a kulle shi, a bar mini shi har abada."

"Ba za a yi ba. Mara lafiya ce da jariri. Kina so a yi mata abin da aka yi wa waccan?"

Malamin ya ci gaba da karatu, muryar ta yi nishi, ta ce ya dakata.

"To uban yarinyar ya je. Masunta ne suka tsamo ta suka binne ta a ƙauyensu, gabas da inda jingar ta karye. Ba su san sunanta ba, mahaukaciyar ruwa suke ce mata. Ya je da ƙafarsa ya faɗa musu sunanta. Shekara uku tana ba shi ruwan sha."

"Zan je," in ji Malam Safiyanu. "Wallahi zan je."

Malamin ya sa ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta yatsan ƙafa, kada ta taɓa ido ko kunne. Ƙafar Adila ta hagu ta miƙe ta yi karkarwa, yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Da sassafe ya kira Hajiya Jannat. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Suka hau mota har inda hanya ta ƙare, suka shiga kwale-kwale, suna ratsa gonakin da shinkafa ta ruɓe a cikin ruwa, suna tambaya ƙauye-ƙauye. A na uku wani tsohon masunci mai suna Haladu ya ajiye komar da yake ɗinki ya dube su.

"Tsohuwar nan? Mu muka yi mata sutura. Ku ne danginta?"

Malam Safiyanu ya buɗe baki, ya rasa abin da zai kira kansa. Hajiya Jannat ce ta ce, "Mu ne."

Tsohon ya kai su wani tudu a bayan gari inda ruwa bai kai ba, ya nuna musu kabari da aka jera wa ƙaya saboda dabbobi. Mutanen ƙauyen suka taru a bayansu. Malam Safiyanu ya tsaya ya ce sunanta 'Yar'azumi, mutuniyar Miga ce, ba mahaukaciya ba ce, mara lafiya ce da ta samu sauƙi, kuma shi ne ya fitar da ita daga ɗakinta. Ya faɗi wannan da ƙarfi yadda kowa zai ji, hawaye na bin gemunsa. Aka yi mata addu'a.

Za su tafi ke nan Haladu ya ce su dakata. Ya shiga bukkarsa ya fito da wani ƙyalle a ƙulle, ya kwance shi a tafin hannun Malam Safiyanu. Makulli ne ƙarami, da lamba huɗu da aka rubuta da jan fenti, rubutun hannun Malam Safiyanu.

"A bakin zaninta matanmu suka same shi, ta yi masa ƙulli uku," in ji tsohon. "Shi ya sa muka ajiye. Muka ce duk mai makulli tana da gida, masu gidan za su zo nemanta. Kullum muna duba hanya. Allah sarki, da ta tsallake nan ai ta kusa isa, ko?"

"Ta kusa," in ji Malam Safiyanu.

A Asabar ɗin da ta biyo baya amintattun suka soke dokar nan, hannu biyar a sama, aka kuma sa ranar da za a bi duk waɗanda aka sallama a baya. Adila ta warke ta koma makaranta. Laka ba ta sake faɗowa a kan kwanon gidan ba, ƙofar zaure ma ba a sake taɓa ta ba. Amma bayan an tashi daga wannan zama, da kowa ya watse, Malam Safiyanu ya tsaya a ƙofar ɗaki na huɗu. Mai jegon tana can wajen rijiya tana wanki, ƙofar a kulle. Ya san amsar tun kafin ya gwada, shi ya sayo kwaɗon da hannunsa. Duk da haka ya ciro makullin daga aljihu ya zura, ya juya shi a hankali, ya ƙi. Ya zare ya sake zurawa, ya sake ƙi.