Ƙwai Uku a Cikin Hula

Akwai wata yarinya 'yar shekara tara, haifaffiyar unguwar Rusholme. Mahaifiyarta likita ce. Wata shekara aka nemi likita a wani ɗan tsibiri can arewacin Scotland. Mahaifiyar ta karɓi aikin, suka tafi su biyu.

Tsibirin babu bas, babu masallaci. Jirgin ruwa sau biyu yake zuwa a mako, in iska ta bari. Tumaki sun fi mutane yawa. Ɗaliban makarantar su goma sha ɗaya ne, duk sun san juna tun suna jarirai. Sukan gaishe ta, amma in an fita tara, ita kaɗai take zama a jikin katanga.

Ran Asabar ta kira kakarta da ke unguwar Ladywood.

"Hajiya, ba ni da ƙawa ko ɗaya."

"Me kika kai musu?"

"Ba komai."

"To kin ji. Kin je wa mutane hannu Rabbana. Mu da muna yara a Gumel, wadda ta tsinto ƙwan zabi a daji, ranar kowa ƙawarta ce."

Ran Litinin da safe yarinyar ta bi ta bakin teku. Kusa da wani tsohon kwalekwale ta ga ƙwai uku masu ɗigo-ɗigo a cikin tsakuwa. Wata farar tsuntsuwa tana shawagi bisa kanta tana kuka. Yarinyar ba ta kula ba. Ta kwashe su a hular sanyinta, ta ruga makaranta.

Ta ajiye hular a kan tebur, ta ce, "Na kawo muku tsaraba."

Ɗaliban suka matso. Wani yaro mai suna Calum ya leƙa hular.

"Sheƙarmu ce ta wajen kwalekwale," in ji shi. "Kwana goma sha biyu muna gadinta daga nesa."

Malamarsu, Malama Morag, ta taɓa ƙwan. "Da sauran ɗumi. Kowa ya ɗauki rigarsa."

A hanya ta yi wa yarinyar bayani. Tsuntsayen nan daga nesa ƙwarai suke zuwa kowace shekara, kuma a ƙasa suke ƙwai. Mutanen tsibirin ba sa taɓawa. Ko karnuka ɗaure su ake yi a wannan lokaci. In ƙwan ya huce, 'ya'yan da ke ciki sun mutu.

"Ban sani ba, Malama," in ji yarinyar, idonta ya cika da hawaye.

"Na yarda. Amma ke kika ɗauko, ke za ki mayar."

Ta mayar da su a hankali. Duk suka ɓuya a bayan duwatsu. Tsuntsuwar ta daɗe tana kewayawa, sannan ta sauka ta kwanta a kansu.

A gida mahaifiyarta ta ce, "Kakarki gaskiya ta faɗa miki, amma gaskiyar Gumel ce. Ni ma da na fara aiki a asibitin nan, komai sai na tambayi nurse."

Malama ta sa ta cikin masu gadi. Kullum ita da Calum suke zama da madubin hangen nesa. Kwana uku bai ce mata uffan ba. A na huɗu ya miƙa mata rabin burodinsa.

Ran kwana na tara ƙwai biyu suka ƙyanƙyashe. Na ukun bai yi ba. Yarinyar ta zuba masa ido.

"Biyu ma da yawa," in ji Calum. "Bara ko ɗaya ba mu samu ba. Zo mu gaya wa sauran."

Suka ruga tare, ɗaliban suka kewaye ta, kowa yana so ya ji daga bakinta.

Yara, duk inda kuka je baƙunci, ku tambayi mutanen wurin kafin ku taɓa abin da kuka tarar.