Jan Layin Jikin Jirgi

"Ba zan tayar ba," in ji matuƙin jirgin ruwan.

"Matarka ce fa!" in ji Mama, uwar matarsa. "Jini take zubarwa, ba ka gani?"

Ya gani. Amarya, kamar yadda mutanen tsibirin ke kiranta har yau, ta ga hannunsa a kan igiyar injin, amma bai ja ba. Cikinta wata bakwai ne, kuma tun safe ɗan bai motsa ba. Asibiti kuwa sai an ƙetare ruwa.

Jirgin ya riga ya cika. Akwai jan layi a jikinsa, in ruwa ya taɓa shi ba a ƙara ko kaza. Ranar da mahaifinsa, shi ma matuƙi, ya ji kunyar mutane ya ƙara mutum biyu, ranar ruwa ya ci shi da mutum tara.

"Don Allah mutum ɗaya ya sauka," ya ce. "Ɗaya kawai..."

Kowa ya zama mai nazarin yatsun ƙafarsa, saboda in wannan jirgin ya tafi, wani sai la'asar. Amarya ta damƙe zanen Mama.

"Masoyi... zan rasa shi," ta ce a hankali.

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ki yafe min, rabin raina. In na ɗora ki a haka, duka zan rasa ku."

Sai ga wata tsohuwa ta miƙe daga can baya, tana laluben gefen jirgin. Mahaifiyarsa ce, surukar Amarya, wadda ko gaisuwarta ba ta amsawa tun da aka yi auren. Wata uku ke nan tana jiran ranar ganin likitan ido.

"Inna, idonki fa?" ya ce.

"Rufe min baki. Ido me zai gani in babu jika?" Ta sauko, ta kama fuskar Amarya da tafukanta masu sanyi. "Shiga, 'yata. Ni da uwarki muna nan."

Wuri ɗaya ne, dole Mama ta tsaya. Inji ya tashi. Amarya ta waiga ta hango su a gaɓa, riƙe da hannun juna.

Suna tsakiyar ruwa ta yi 'yar ƙara, ta dafe ciki. Ya juyo a firgice.

"Mene ne? Mene ne?"

Hawaye suka zubo mata.

"Kalli gabanka," ta ce. "Ɗan ne ya motsa, ya harbe ni."