Kayan da Aka Bari a Tarago

Mastura ta kwance ƙullin a gaban Rahamatu, ta ja baya ta riƙe ƙugu.

Awarwaron azurfa ɗaya. Kallabi biyu, da takalmin mace wari guda.

"A jakar Ubalenki na same su," in ji ta. "Ai a zaurenmu ya sauka, ni ke yi masa shara. Gaya mini, 'yar'uwa, namiji na ɗaura kallabi ne?"

Rahamatu ta ɗauki kallabi ɗaya ta jujjuya. Ubale ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sudan, a tashar ƙarshe ta bakin teku, inda mahajjata ke sauka su hau jirgin ruwan Jidda. Lokacin aikin hajji kaɗai yake ƙetarowa nan Jidda, inda su Rahamatu ke zaune, kuma bana aka sa musu rana shi da ita.

"Mutanen jirgi kuwa, kowace tasha da tasu," Mastura ta ƙara. "Jiya ma an gan shi yana leƙen masaukin mata."

Tun suna yara Mastura ba ta ganin abu a hannun Rahamatu ba ta so shi ba. Amma kallabin ba ƙarya ba ne, har da ƙamshin turaren wata a jikinsa...

Gyaran murya suka ji daga bayan labule. Baba Na'ibi, mahaifin Rahamatu, ya ji komai.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce. "Dama ban yarda da mutumin da kullum yake kan hanya ba. Ina idar da La'asar zan mayar musu da goronsu."

Rahamatu ta ɗaure ƙullin, ta ja mayafi, ta bi lungunan unguwar Karantina.

Can kuwa ta sami Ubale, a ƙofar masaukin mahajjata mata, mai gadi na tura shi yana "Yalla, yalla!"

"Wa kake nema a nan?" ta tambaya.

Ya juyo, ya ga ƙullin, ya sunkuyar da kai.

"Sanyin idona..."

"Wa kake nema, na ce."

"Masu kayan nan. In jirgi ya iso ƙarshen layi, ni ke bin taragai ina tashin masu barci. Mutanenmu kuwa da sun hango teku sai gudu, kada jirgin ruwa ya bar su. Abin da suka manta nake tsinta."

"Ka ƙetaro teku saboda takalmi wari guda?"

"Saboda ke na ƙetaro. Takalmin ɗan rakiya ne."

Ba ta yi dariya ba.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"A tasha rabawa ake yi, kowa ya kai wa matarsa. Ni da nake ajiyewa, wawa suke kirana. Na ji tsoron ke ma ki ce haka."

Ta dube shi. Mai daɗin baki ma ai haka zai ce.

"Zan shiga," ta ce. "In babu wadda ta ce nata ne, kada ka ƙara taka ƙofarmu."

Ɗakin cike yake da mata a kan tabarmi. Ta ɗaga kallabi, aka kalle ta aka kau da kai. Ta ɗaga takalmin, wata ta tuntsire da dariya.

Saura awarwaro.

"Yarinya, matso da shi."

Wata tsohuwa ce a kusurwa, Iya Larai ake kiranta. Ta ja hannun rigarta, sai ga irinsa sak a tsintsiyar hannunta.

"Na 'yata ne," ta ce a hankali. "Tare muka baro gida. A hanya muka binne ta."

Rahamatu ta durƙusa ta saka mata shi, hawaye na zuba.

"Iya, don Allah, za ki iya takawa har gidanmu?"

Baba Na'ibi na alwala suka shigo. Ya saurari tsohuwar har ta gama, sannan ya dubi Ubale da ke tsugune a bakin ƙofa.

"Sauran fa, ka samo masu su?"

"Tukuna, Baba."

"To Rahamatu ta riƙa shigar maka, kai ka tsaya nesa. Ku gama kafin Juma'a. Ba za a zo ɗaurin aure ango yana ƙofar mata ba."