Facin Jar Fata a Akwatin Koyon Jirgi

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi a Haɗeja, kuma ban taɓa ba ɗalibi sifili ba sai na duba aikinsa sau biyu. Amma ƙanena Sa'idu, layi ɗaya aka rubuta a kansa aka rufe fayil: "Gangancin matuƙi ne." Wannan layin nake so a goge.

A daminar 1974 wani kamfanin feshi ya zo yaƙi da tsuntsayen jan-baki da suka addabi shinkafar fadama. Suka ɗauki Sa'idu koyon tuƙin ƙaramin jirgi. A wata rumfar kwano suke da akwatin koyo: mutum ya shiga, a rufe shi, ya kama sandar tuƙi, akwatin ya riƙa karkata kamar jirgi. Zuga-zugi huɗu ne a ƙarƙashinsa, irin na maƙera, su ke juya shi. A gefe akwai tebur, wani alƙalami na bin taswira yana zana inda ɗalibi ya bi.

Ranar da Sa'idu ya fara tashi shi kaɗai, fiffiken jirgin na hagu ya daki ruwa wajen Auyo. Masunta ne suka fito da gawarsa. Ya bar matarsa Fanna da ɗa ƙarami.

Bayan sadakar arba'in, Fannami, makanikin rumfar, ya same ni.

"Malam, sandar akwatin nan ta ƙi. Littafin gyaran da Turanci yake. Zo ka karanta mini."

Na hau kekena bayan la'asar sakaliya. Na isa rana ta yi ja, kwaɗi sun fara kuka. Rumfar na warin man inji da kashin jemage.

Muka bi littafin shafi-shafi. Wayoyi lafiya. Bel lafiya. Na ja sandar dama, akwatin ya bi nan take. Na ja hagu, ya yi nauyi, sai da na danna da ƙarfi. Na rubuta. Fannami ya kashe injin wuta, ya fita alwala.

Shiru. Sai na ji ƙiii a kan tebur.

Alƙalamin ne. Yana tafiya shi kaɗai, ba wuta. Ya bar Haɗeja, ya bi kogi, ya nufi Auyo.

Ban san yadda na shiga akwatin ba. Na dai ji murfin ya rufe a kaina.

Duhu. Warin taɓo da ruɓaɓɓiyar ciyawa.

Sanyi ya kama ƙafafuna. Ruwa ne. Ya zo gwiwa.

Wani hannu ya sauka a kan nawa. Jiƙaƙƙe. Na san shi, akwai tabon lauje a babban yatsa.

"Yaya," aka raɗa mini. "Danna."

Muka danna hagu tare. Akwatin ya ƙi. Muka ƙara. Ya ƙi.

"Haka aka koya mini, Yaya. Kullum haka. Shi jirgin bai ƙi ba."

Ruwa ya kai ƙirjina.

"Duba ƙasa. Ka gaya wa Fanna."

Ya kai haɓata. Na daki murfin, na buɗe baki in yi salati, ruwa ya shiga.

Fannami ne ya ɓalle murfin da ƙarfe ya jawo ni. Cikin akwatin a bushe ƙamas. Ni kuwa rigata na ɗiga, ga kainuwa a aljihuna.

"Haska ƙasa," na ce.

Ya haska tocila. Zuga-zugin hagu na ɗauke da facin jar fata, ɗinkin baduku, mai kyau ƙwarai. Amma fatar takalmi ce, mai tauri.

Fannami ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ɓera ne ya ci na asalin. Manaja ya ce sabo sai ya yi wata shida bai iso ba, in kai kasuwa a yi dabara. Wallahi, Malam, ban sani ba."

Ni na sani, lissafin ba wuya. Wata uku akwatin yana koya wa hannun Sa'idu cewa hagu sai da ƙarfi. Da ya hau jirgin gaske yana shawagi dab da ruwa, ya yi abin da aka koya masa daidai. Ɗalibin da ya bi darasi ba ganganci ya yi ba.

Na gaya wa Fanna, matar Sa'idu. Ta yi kuka ba sauti, ta ce, "Dama na san ba ya wasa da aiki."

Kamfanin ya kwashe kayansa kafin kaka ta ƙare. Tun daga nan na rubuta wasiƙa sittin da biyu zuwa ofishin da ke riƙe da fayil ɗin. Amsa uku na samu, duk sun ce ana dubawa. Fanna ta rasu bara tana jira. Ɗansu Muhammadu ya girma ana nuna shi a matsayin ɗan wanda ya kashe kansa da rawar kai.

Ba diyya nake nema ba. A ɗauki jan biro a soke layin nan, a rubuta gaskiya, a sa hannu da kwanan wata, kamar yadda kowane malami ke yi idan ya yi kuskuren maki.

Facin yana cikin durowata. Duk rani a bushe yake. Da ruwan farko ya sauka sai ya jiƙe, da magariba kuma in ji ana danna ƙofar ɗakina ta gefen hagu, a hankali.

Nakan ce, "Ban manta ba, Sa'idu. Gobe ma zan rubuta."