Ƙaryar Kawu Ubale

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Shekara biyu bayan ruwan madatsar Tiga ya haɗiye gonakin mutane, Barakatu 'yar Malam Datti ta sauko bakin ruwa sayen kifin banda. Sai ta ga wani saurayi tsugune a gindin kwale-kwale, yana cusa auduga a tsakanin katako, yana bi da kwalta.

Ta ce, "Sannu da aiki. Kai ne Shu'aibun da aka kira jami'a a Zariya, ya ce ba ya zuwa?"

Ya ce, "Ni ne. Ke ma faɗan kika zo yi mini? Bi layi, kawunnaina na gaba."

Ta yi dariya har kwandonta ya karkace. Shi kuwa ya nuna mata ruwan da guduma. "Manoma sun koma masunta, jirgi kuma sai an je Yawuri. Maigidana Mainasara ya tsufa. Wa zai ƙera musu?"

To, daga ranar kifin gidan Malam Datti ya daina isa, kullum sai an koma. Wasiƙa kuwa Gwaggo Larai mai fura ke kaiwa, ta kawo.

"'Yar banda tawa, yau na buga ƙusa a yatsana saboda tunaninki. Ki zo ki yi jaje."

"Mai kwalta, Allah ya ƙara. Gobe ka duba katako, ka bar duban hanya."

Amma Malam Datti idonsa na kan Alkasim, ɗan amininsa, mai karatu a Zariya. Cewa yake, tunda ƙasa ta tafi, 'yarsa ɗan takarda za ta aura.

Ranar da dangin Shu'aibu suka zo neman aure, Barakatu ta laɓe bayan ƙofar zaure. Aka gaisa, aka sake gaisawa, sai mahaifinta ya yi tambayar da ake yi wa kowa: "Mece ce sana'ar yaron?"

Kawu Ubale, wanda ya jagoranci masu neman, ya gyara malum-malum. "Ai Malam, jirgin nan wasa ne. Da kaka zai tafi jami'a."

Malam Datti ya washe baki, ya ce in haka ne ya bayar.

Ita kuwa ta koma ɗaki. Ko abincin rana ba ta ci ba, ta rubuta: "Shu'aibu, ashe guduma ta yi maka nauyi? In ka fasa, ka faɗa mini da bakinka. In ba ka fasa ba, ƙarya aka yi wa mahaifina, kuma ba za a ɗaura mini aure a kanta ba."

Washegari da hantsi ta ji sallamarsa. Ta leƙa. Ga shi da rigar aiki, ko hannu bai wanke ba. Ya durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, Allah ya huci zuciyarka. Kawu kunya ya ji, ya faɗi abin da babu shi. Ba ni zuwa jami'a, bana ko baɗi. Jirgi nake ƙerawa, da shi zan ciyar da ita."

"Ka san da wannan maganar ka warware abin da na bayar?"

"Na sani, Baba."

Nan Barakatu ta ja mayafi ta shigo, ta zube gefe. "Baba, ka yafe mini. Ɗan jami'ar da Kawu ya kawo jiya ban san shi ba. Wannan na sani."

"Ke, wa ya kira ki? Koma ciki!"

Ta koma, amma ba ta wuce bayan ƙofa ba. Ta kasa kunne. Can ta ji tsohon ya ja numfashi.

"Ranar da aka tashe mu, gonar kakana na bari ruwa ya rufe. Ɗanmaraya maƙeri kuwa uwar maƙera ya ɗora wa jaki, kashegari yana hura wuta a garin Ƙofa. Na gani da idona, na manta." Ya yi gyaran murya. "An ba ka mata a kan ƙarya, ka zo da ƙafarka ka rushe. Tashi. Ka ce wa Ubale ya dawo ya amsa tambayata daidai."

Ai kuwa Kawu Ubale ya dawo, kai a sunkuye, ya ce, "Maƙerin jirgi ne." Aka shafa fatiha.

Bayan girbi aka ɗaura aure, Malam Datti ya dafa kawunansu ya sa musu albarka. Mainasara ya yaye Shu'aibu, ya bar masa zarto da rumfa. Alkasim ya gama karatunsa, ya samu aiki a Kano, ya auri wata 'yar Kiru. Kawu Ubale ya yi fushi har sai ranar sunan ɗan fari. Barakatu da Shu'aibu suka zauna a bakin ruwa, suka haifi bakwai, biyu suka gaji rumfa.